Ƙafafun Hajja Ramatu

Shekarar da ɗanta Abdulwahab ya sami aikin gwamnati a Damazin, Hajja Ramatu ta zauna. Ba ita ta so ba. Matar da ta yi shekara arba'in tana noman kuɓewa da albasa a bakin kogi, kusa da Rusairis, sai ga ta a kan angareb, gadon igiya, tun hantsi har la'asar. In ta miƙa hannu ga tsintsiya, surukarta Widad ta riga ta. In za ta gaisuwar rasuwa, sai an kawo mata karo, a ɗora ta, jaki ya ja.

"Inna, kin yi naki," in ji Abdulwahab. "Saura namu."

A shekara ta uku ƙafafun suka fara. Daga ƙofar gida zuwa shago, sai sha-raɓarta ta ɗaure kamar an murɗa da igiya. In ta tsaya ya sake ta. Tafin ƙafarta kuwa sanyi ƙalau, ko a tsakiyar zafi.

A asibiti, Daktora Hanaa ta daɗe tana laluben bayan ƙafarta da yatsu biyu.

"Ya Hajja, hanyoyin jinin sun ƙuntace. Ga magani, amma rabin maganin tafiya ce. Ki yi ta tafiya har ciwon ya zo, ki tsaya ya lafa, ki ci gaba. Kullum."

"Tahiya ina, ɗiyata?"

"Ko'ina."

Nan matsalar take. Ranar farko da ta fita, duk wanda ta gamu da shi sai ya ce, "Hajja, lafiya? Ina zuwa?" Ta ce babu ko'ina. Rana ta uku wani maƙwabci ya kamo hannunta a hankali ya maido ta gida, ya raɗa wa Widad cewa su sa ido, kamar rikicin tsufa ya fara. Hajja ta ji shi. Ta shige ɗaki ta ƙi cin abincin rana.

Washegari ta sa Widad ta naɗe mata kisra, siririyar wainar dawa, mai zafi a faranti. Akwai Hadizatu, ƙawarta tun suna 'yan mata, can ƙarshen gari, wadda idonta ya dushe, ba ta ƙara fita ba. Yanzu in an tambaya, akwai amsa.

Sau shida ta tsaya kafin ta isa, tana jingina da katangar mutane tana cije leɓe.

"Wa ka sallama?" in ji Hadizatu daga ɗaki.

"Wadda kika manta."

"Ramatu! Ni na manta, ko ke da kika zama matar gwamna?"

Suka yi dariya har da hawaye. Bayan sati biyu Hajja ta ce mata, "Tashi. Ƙafarki lahiya lau, idona lahiya lau. Riƙe ni."

Haka suka fara, hannu cikin hannu, bayan sallar asuba in gari ya yi haske. Hajja tana faɗin inda rami yake, Hadizatu tana jan ta in ta so tsayawa kafin lokaci. Da damina suka yi ta fama da laka. Akwai ranar da Hajja ta zauna a kan kututture ta rantse ta daina, da safe kuma ta ɗaura mayafinta.

Ciwon bai tafi duka ba. Amma tsayawa shida ta koma uku, ta koma ɗaya. Da ta koma asibiti, daktora ta auna hawan jininta, ta ɗaga kai ta dube ta.

"Ma sha Allah! Me kika yi?"

"Abin da kika ce."

Kafin a girbe dawa sun zama su biyar, duk tsofaffi, suna zagaya gari suna hira da ƙarfi saboda ɗayarsu, Fadimatu, ba ta ji sosai. Wata safiya suka tarar da mijin Fadimatu, Malam Almu, tsaye a bakin hanya da sandarsa, yana gyaran murya.

"Hajja, wannan tahiya taku, ta mata ce kaɗai?"

Hajja Ramatu ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka biyo, Malam. Amma daga baya-baya, muna da magana."