Ledar Inna a Bakin Tanki

Jiya da dare na kwanta da warin fetur a hannuna, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Amma bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai, don mafarki ba ya zuwa haka kawai.

Noman rani nake yi a fadamar bakin kogi, bana kuma duk ƙarfina a kan albasa na zuba shi. Ta fara ɗaura kai ke nan, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi, sai injin ban ruwana ya tsiro da wani hali. In ja igiya ya tashi lafiya lau, kafin ruwa ya kai tsakiyar gona sai ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. In buɗe tanki in leƙa, mai yana nan. In rufe in ja, ya tashi kamar ba shi ba, can kuma ya sake mutuwa. Mati bakanike ya wanke kafireta har ya gaji, ya hura jet, 'yar kafar da mai ke bi, da bakinsa, ya canza fulogi, duk a banza. Ganyen albasa ya soma kwanciya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, domin abin da gidanmu zai ci har damina yana cikin ƙasar nan.

A mafarkin na gan ni a gona da rana tsaka ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tashi. Ɗigo-ɗigo yake fita daga fangalina yana hawa sama, yana taruwa a gajimaren da ke kan gonar maƙwabcina. Ban yi mamaki ba, haushi dai na ji, don mutumin ko gaisuwar kirki ba ta haɗa mu. Albasoshin suka tuge kansu, suka kakkaɓe ƙasa, suka jeru a bayana. Babbar cikinsu ta ce, "Malam Sallau, ba gori za mu yi maka ba. Duk inda za ka, muna biye."

Na goya injin da zanin Inna, mahaifiyata, muka kama hanya.

Sai ga mu a asibitin injuna. Benci cike da masu jira: wani janareta yana atishawa, injin markaɗe ya rasa murya, wani babur yana kuka shi kaɗai a lungu. Likitan bunsuru ne, da tabarau da farar riga, yana taunar igiyar wani majinyaci a hankali. Ya kara kunne a cikin injina.

"Yana cin abinci?"

"Tankinsa cike yake, ranka ya daɗe."

"Ban tambaye ka ko akwai abinci a gidan ba. Na ce yana ci?"

Ya ce ciwon gida ba a gane shi daga waje, sai an shiga. Ya kama ni ya naɗe kamar tabarma, ya yi ta ninkewa har na koma ƙwayar gero, ya jefa ni ta bakin kafireta. Albasoshin suka ce za su jira a benci.

Ashe cikin kafireta gari ne guda. A tsakiyarsa akwai tafkin fetur, a kan tafkin wani tsoho mai fito yana kwance bisa ƙaton gora, riƙe da allura mai tsawon mashi. Aikinsa ke nan tun ranar da aka ƙera injin. Idan tafki ya cika, gora ya ɗaga shi, ya toshe ƙofar mai da allurar. Idan ya ragu, gora ya sauka, ya buɗe. Yanzu tafkin ya ƙafe, goran yana zaune a kan busasshiyar ƙasa.

Na yi sallama, na yi masa sannu da aiki.

"Aiki da godiya," in ji shi. "Kai ne mai turo mana mutumin nan mai wanke mu kullum? Ka ce masa ya ji tsoron Allah. Mai datti ake bi da wanka. Mu yunwa muke ji."

"Baba, ko allurarka ce ta maƙale?"

Ya nuna mini ƙofar, a buɗe take wangam. "Tun ɗazu na buɗe. Masu zuwan ne ba su zo ba."

Na wuce gaba. Jet ɗin wata siririyar rijiya ce, na leƙa na hango haske tas ta ɗaya bakin, babu ko tsinke. Bayanta kuma na tarar da fulogi, wani saurayin maƙeri a ɗakin da ba kowa, yana ta buga ƙyastu. Tartsatsi na tashi shuɗi mai kyau yana mutuwa a banza. Bai ɗago kai ba ya ce, "Wuta ina da ita, me zan kunna? An kori wanda na gada, ba laifin tsaye balle na zaune. Na san ni ma gobe Mati zai zo kaina." Na ba shi haƙuri, na ji kunya ƙwarai, don ni na ce a canza wancan.

Na koma wurin tsohon, na shiga ƙofarsa na bi tiyon mai. Hanyar hawa ce, amma gangarawa nake yi.

Na ɓulla a cikin tanki. Wani babban gida ne, duhu da zafi, kunnuwana suna ja ciki, bango yana lotsowa. Mutanen fetur sun cika tsakar gida, kowa ya sa takalmi ya ɗora ƙunshi a ka, sun yi cirko-cirko a bakin zaure, ba mai fita. Na gaida uwar gidan, wata dattijuwa mai launin zuma.

"Iya, me ya tsayar da ku? Ana jiranku a ƙasa."

"Ɗan nan, a garinku ana fita a bar gida ba kowa? Duk wanda ya fita a cikinmu, sai wata ta shigo ta zauna a gurbinsa. Haka muka gada."

"Wace ce ita?"

"Iska. Ta 'yar ƙofar da ke jikin murfi take shigowa. Kwanan nan ba mu ganta ba, sai fa idan ka buɗe ka leƙo da ƙaton idon nan naka, ta faki idonka ta shige, wasunmu su samu fita. Kana rufewa, shi ke nan."

Na ɗaga kai. Babu sama a gidan, sai baƙar leda a shimfiɗe daga wannan bango zuwa wancan. Na gane ta nan take.

Kwanakin baya na dawo da injin gida a amalanke, fetur ya tsiyayo ta murfi. Inna ta ji warin. Ita kuwa rayuwarta duk a sayar da man gyaɗa ta ƙare, ba ta taɓa rufe galan ba tare da ta sa leda a ƙarƙashin murfi ba. Ta laluba ta yago leda, ta shimfiɗa a bakin tankin, ta murɗa murfi da hannunta, ta ce abin da aka sha wuya aka samu ba a barin sa ya zube. Idonta ya yi rauni, an karɓe mata girki, an karɓe daka, wannan ne kaɗai abin da ta yi wa gonar bana. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko ledar tana nan. Shi ya sa duk lokacin da na zuba mai nakan gyara ta in mayar.

Ta bayan ledar na ji ana sallama, a hankali, ba gajiyawa. Iska ce a tsaye, fuskarta tana turo ledar ciki. 'Yar mutunci ce, ba ta shiga gidan da ba a amsa mata ba. Na amsa da ƙarfi, muryata ba ta ƙetare ba.

Sai ga Inna zaune a saman ledar, ta koma yarinta, damatsanta cike, tana ƙara murɗa murfi.

"Inna, albasa tana mutuwa."

"Ai shi ya sa na rufe, Sallau. Kada ko ɗigo ya ɓace maka."

Na miƙa hannu zan yage ledar, hannun ya ƙi. Tausayinta ya kama ni. Da wane baki zan ce mata taimakonta ne ya shaƙe mini gona? Na duba ƙasa, na hango asibitin can nesa. Albasoshin sun jingina kawunansu da juna a kan benci, bunsurun ya fara kallon ganyensu ta saman tabarau. Babbar ta ɗago da ƙyar ta ce, "Har yanzu ba gori ba ne, Malam Sallau. Bushewa dai muka fara."

Tsohon mai fito ya taso a kan goransa, yana tuƙi a sarari ba ruwa. Ya miƙo mini allurarsa. "Wa ya ce ka yaye rufi? Baƙuwar ba ta da jiki. Ko'ina ya ishe ta."

Na ɗaga allurar da hannu biyu, na saita tsakiyar ledar. Na ji ƙwas. Na sake jin ƙwas.

Na buɗe ido, gari ya waye. Inna ce a kan tabarma a ƙofar ɗakina, ta kafa tsinin wuƙa a kan gwangwanin madara tana buga ƙotar da tafin hannu. Ta huda gefe ɗaya, ta laluba ta juya gwangwanin, ta kafa wuƙar a ɗaya gefen.

Na ce, "Inna, huda ɗaya ba ta isa ba?"

"Kai kuwa, da girmanka? Huda ɗaya ai ba ta zuba. Sai ta sha iska ta nan, sannan ta ba ka ta nan." Ta tsiyaya a shayinta, madarar ta zubo siririya ba ta yanke ba. Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Ledar tana nan?"

"Tana nan, Inna, kuma nan za ta zauna. Ara mini allurarki, zan tafi da ita gona."

Ta zaro ta daga gefen ɗankwali ta miƙo mini. "Ka dawo mini da ita."