Yakuwa a Saman Dogo

Aikina a Doha gadin abin da ba mai sata ne: wani guntun layin dogo da aka ɗora a kan ginshiƙan kankare, can hanyar Lusail. Wani kamfani ya yi jigilar tsakuwa da shi, ya gama, ya watsar. A 2007 aka ajiye ni ƙarƙashinsa, daga ni sai ɗakin gadi da iyakwandishan mai ɗigar ruwa.

Ruwan nan ne ya ja ni. Ɗan manomi daga Gusau ba zai zuba ido ruwa na tsiyaya a banza ba. Na riƙa tara shi a jarka, na haura da ƙasa da kashin tumaki, na cika tsofaffin taragu uku da aka bari a kan dogon. Irin yakuwa da kuɓewa da zogale kuwa, matata Atine ce ta ƙulle min a cikin safa ranar da zan taso. Suka yi kyau, har nakan kama kaina ina yi musu hira.

Ba wanda ya ba ni izini, kuma na san sharaɗin kafil ɗina, mutumin da bizata ke hannunsa: ka taɓa kayan kamfani, sai filin jirgi.

Wata Talata ina ban ruwa sai na ji sallama a bayana, da Hausa tsantsa. Wani mutum ne da farar hular kwano da kyamara a wuya. Baƙon da ya zo da yarenka ya fi saurin zare maka magana daga ciki.

"Sunana Injiniya Ɗalhatu, daga Zariya," in ji shi. "Malam, kai ka shuka waɗannan?"

"Tsirowa suka yi, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya. "A jere? Ka ga, ana shirin rushe dogon nan. Ni kuma so nake a mai da shi lambu, mutane su hau su sha iska. Manya sun ce ba abin da zai rayu a nan sama."

Lambu a sama, a garin da rana ke gasa ƙarfe! Na ce a raina, wannan ya raina min hankali. Ya ɗauki hoto ya fi ashirin. Ya tambayi inda nake samun ruwa, da wanda ya kawo iri, da tun yaushe. Sannan ya leƙa katin da ke ƙirjina, ya kwafe sunana da lambata.

"Malam Mas'udu, don Allah kada ka taɓa komai. Ranar Alhamis zan dawo da manyan."

Kada in taɓa komai. Wato in bar masa shaida ke nan. Mai son lambu me zai yi da lambar maigadi?

Laraba bayan la'asar na hau. Na tuge yakuwar, na tuge kuɓewar da ta fara 'ya'ya. Zogalen da ya kai min ƙugu sai da na rufe ido kafin na karya shi. Na kwashe ƙasar, na share taragun fes, kuma na sauko ina jin ni mai wayo ne.

Alhamis da hantsi ya iso da Larabawa uku cikin fararen jallabiya, yana gaba yana ta bayani. Suka hau, suka tarar da tsatsa da zafi. Injiniya ya fito da hotuna. Babbansu ya duba hotunan, ya duba taragun, ya ce, "Khalas. Yalla." Wato magana ta ƙare, a tafi. Suka sauka.

Injiniya ya tsaya. Ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma da fushin ne da ya fi min sauƙi.

"Ina suke, Malam Mas'udu?"

"Ai na zaci ƙarata za ka kai."

Ya zaro takarda ya nuna min. Zanen lambun ne, da kujeru da rumfuna. A ƙasa, wurin da aka rubuta mai kula da shuke-shuke, ga sunana ga lambata. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Bayan wata guda motoci suka zo suka kwantar da ginshiƙan. Tunda babu abin gadi, babu maigadi, kafil ya sallame ni ba tare da ya taɓa jin labarin yakuwa ba.

Ranar da na isa Gusau, Atine ta ajiye min ruwa, ta zauna, ta ce, "Malam, irin nan da na ƙulle maka, ya fito kuwa?"