Duilio Ya Kwashe Mini Uwar Ganga

Duilio, ƙanin marigayi mijina, ɓarawo ne. Na faɗa masa a idonsa, na faɗa a shagon burodi, ga shi ina ƙara faɗa.

Asibiti na kwanta a Siena aka gyara mini ƙugu. Na bar masa makullin gida don ya watsa wa kaji hatsi, ya riƙa buɗe tagogin ɗakin sama iskar tudu ta ratsa inabin da na shanya a kan tabarmin kara. Iyakar aikin ke nan. Da na dawo na ja ƙafa na hau. Inabi ya yamutse kamar wuyana, zaƙi ya kama shi, saura a matse. Sai na leƙa 'yar gangar da na juye giyarta a watan jiya, na tarar da cikinta tas, har tana ƙamshin sabulu.

Babu uwa. Baƙar lakar nan mai kauri da ake bari a gindin ganga, wadda ke tayar da sabon ruwan inabi ya zama giyar nan mai zaƙi da muke kira vin santo, ko ɗigo bai bar mini ba. Kakata Argia ce ta zuba mini ita a kwalba ranar aurena, na rungume ta a cinya a kan keken shanu har gidan nan. A wancan zamanin mai gonar da muke nomawa yana kwashe rabin komai, rabin alkama, rabin man zaitun, har ƙwai sai an ƙirga masa, amma bai taɓa kai hannu gindin ganga ba. Sai Duilio.

Na dogara sanda na gangara gidansa. Yana tsakar gida yana goge kwalabe.

"A'a, matar yaya, har an miƙe? Ƙugun nan sabo suka sa miki ko na hannu?"

"Ina uwar gangata?"

"Taki ke kaɗai? Zelinda, ranar da aka kawo ki, a gangar Mama aka juye kwalbarki. Rabi na gidanmu ne. Rabona na ɗauka."

"Rabi ne har da sabulu?"

"To duk baƙa ce, ta ina zan gane inda taki ta tsaya?"

Ya kai ni ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, wai in gani da idona. Sanyi kamar kabari. Ashe ya juye uwar a sabuwar ganga mai sheƙi, ya zuba mata ruwan inabin da ya sayo daga kwari, inda hazo ke kwana, inabin da fanka ta busar. Wai baƙin da ke kwana a gidansa suna son abin gargajiya. Na ce, kai sakarai, wa ya taɓa ajiye vin santo a rami? Ƙarƙashin rufi take zama, zafin Agusta ya dafa ta, sanyin Janairu ya kwantar da ita, haka har ta yi launin zuma.

Sai ya nuna mini bakin gangar. Ya riga ya liƙe da siminti.

"Kin dai san ba a buɗe wadda aka liƙe. Ki jira shekara biyar, in na fasa sai in ɗebo miki ludayi guda."

Ni da na kusa tamanin, da ƙarfe a ƙugu, zan jira shekara biyar. Inabina kuma da ke sama ba zai wuce Kirsimeti ba.

Na wuce wurin Fada Amilcare, limamin cocinmu. Na same shi yana tsoma biskit a kofi, kuma giyata ce a kofin, na gane launinta tun daga ƙofa.

"Zelinda 'yata, ku 'yan gida ɗaya ne, a yi haƙuri. Al'ada ce, ba a fasa liƙi."

"Fada, shiga ɗakin mace tana asibiti ma al'ada ce? Kwalaben da na juye watan jiya suna ƙarƙashin gadona. Ko ɗaya ba za ta shigo cocin nan ba. Ranar Ista ka ɗaga giyar Duilio a gaban jama'a, in za ka iya haɗiye ta."

Biskit ɗin ya jiƙe ya faɗa cikin kofi, bai ko lura ba. Ya ce zai yi masa magana.

Magana ba ta ishe ni ba. Ranar Lahadi in an tashi daga coci, zan tsaya a bakin ƙofa da sandata. Dole Duilio ya zo da guduma ya fasa simintin nan, ya ɗauko gangar a kafaɗarsa ya hau da ita ɗakina na sama. Kuma kafin ya sauko, ya leƙo ta taga ya faɗa wa mutanen garin nan wanda ya ba shi izinin taɓa ta.