Ranar da Ɗan Guci Ya Sha Ruwan Taki

Ni na ba shi ruwan da hannuna, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Amma fisabilillahi, wane mai hankali ne zai jiƙa taki a bahon da sa yake shan ruwa, ya tafi masallaci bai ce wa kowa uffan ba? Sai baban Surayya, mijina, wanda in ya jiyo sabon abu a kasuwa ba ya samun sukuni sai ya gwada.

Wani ne ya gaya masa in aka narkar da ure, farin takin nan mai kama da sukari, aka zuba wa masara a gindi, ta fi saurin kamawa. Ya juye rabin tiya a baho, ya motsa da kara har ƙwayar ƙarshe ta ɓace. Na dawo daga gona da azahar na tarar da ruwa garau, ba launi ba wari. Na tsoma hannu na ji sanyi kamar na randa, ban san takin ne ke sanyaya ruwa in yana narkewa ba. Har addu'a na yi masa a raina, na ce yau mutumin nan ya tuna da dabba. Na kwanto Ɗan Guci na kawo shi.

Ɗan Guci shi ne sanmu ɗaya tilo, sunan kasuwar da aka sayo shi ne ya bi shi. Shi ke jan garma, shi ke jan amalanke, ga damina ta kankama, rabin gonar ba a huɗe ba. In ya faɗi, mun faɗi.

Ba a yi rabin awa ba kunnuwansa suka fara karkarwa. Miyau ya dinga zuba, cikinsa ya kumbura ta hagu, ya yi tangaɗi sau biyu ya zube. Daidai nan baban Surayya ya shigo. Ya dubi san, ya dubi bahon da ya kusa ƙarewa, ya tambaye ni ina ruwan. Na nuna masa Ɗan Guci. Sai kawai ya tsuguna ya dafe kai yana salati, ya ce taki ne a ciki.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Surukina, Baba Wada, ya sa aka daka kanwa aka jiƙa a ƙwarya. Ba laifinsa ba ne, tun kakanni kanwa muke ba dabba in cikinta ya kumbura. Ni dai hankalina bai kwanta ba, na koma bayan rumbu na kira Harouna a waya, malamin dabbobi na Dungas. Ya ce ruwan jiya ya yanke hanya, moto ba ya wucewa. Da na ambaci kanwa muryarsa ta canza.

"Hinda, kada ko ɗigo ya shiga bakinsa. In ya sha, ya tafi."

Na ce ai ruwa ya riga ya cinye takin. Ya ce ruwa ba ya cin komai, ɓoyewa yake yi. Rabin tiyar nan tana nan daram, ta bazu a ruwan, kowace kurɓa da rabonta. A tumbin sa kuma takin yana rikiɗa ya koma guba dangin kanwa, in an ƙara kanwa an ƙara wa wuta itace. Tsami ne ke karya ta. In ba binegar, ruwan tsamin nan na kanti, a nemo tsamiya da yawa, a bi da ruwan sanyi, a ɗura a hankali don kada ya shaƙe.

Na zagayo na tarar an ɗaga kan san, Baba ya kawo ƙwarya bakinsa. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan ban taɓa haɗa ido da tsohon nan ba. Ran nan na sa hannu biyu na karɓe ƙwaryar na tuntsurar da ita ƙasa. Wata daga baya ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na wuce madafa na ɗebo tsamiya.

Tsamiya a ruwan sanyi sai ta ga dama take sakin tsaminta, ni kuwa ba ni da wannan lokacin. Na zuba mata ruwan ɗumi na kan murhu, na dinga murza ta da hannu har ruwan ya yi kauri ya yi ja. Na tace, na sirka da na randa, na cika kwalba. Baban Surayya ya riƙe ƙaho, ni ina ɗurawa ta gefen baki. Kwalba huɗu ya sha, ban ga wani sauƙi ba.

A ta biyar ya miƙe ƙafafu, idanunsa suka juye. Baba ya aika a kira Auwalu mahauci, ya ce a juya san gabas. Lissafinsa a fili yake, kuma ba na banza ba ne: da babu gara ba daɗi, in an yanka a samu nama da fata, in an jira sai dai a ja shi daji. Baban Surayya ya sunkuyar da kai, ba zai musa wa ubansa ba. Auwalu ya wasa wuƙa a bakin turmi.

Ban san lokacin da na durƙusa na rungume wuyan san ba. Ina jin jijiyarsa tana bugawa a ƙirjina, da sauri, sannan ta ragu.

"Ke za ki ɗauki alhakin mushe?" in ji Baba.

"Na ɗauka, Baba."

Auwalu yana tsaye a kaina, ina ganin inuwar wuƙar a ƙasa. Na ƙirga numfashin san har goma sha biyu, daga nan ya tsaya, na ce shi ke nan na kashe shi sau biyu. Can sai cikinsa ya yi ƙugi, ya saki wata doguwar gyatsa mai warin tsohon fitsari, har Auwalu ya ja da baya. Ya sake wata. Na danna cikin na ji ya fara laushi, sai ya ja ƙafar gaba ya naɗe ta ƙarƙashinsa yana neman ɗaga kai.

Baba ya ture ɗansa gefe, ya naɗe hannun riga, ya kama ƙahon da kansa. Bai dube ni ba.

"'Yar nan, ƙaro tsamiyar."

Na tashi in tafi madafa, amma ban kai ko'ina ba. A nan gefen san na zauna na fashe da kuka, kwalbar tana hannuna.