Irin Albasa a Hular Buhu

A Tsarnawa ba a ambaton Junaidu ba tare da wani ya ja tsaki ba. Masu garka, wato lambun albasa, na cewa shi ya kawo musu buhun da ba ya cika. Mata na cewa tun da ya koma Konni ya fara sa tabarau, gaisuwarsa ta gajarta. Direbobi kuwa yabonsa suke, wai ba ya kwanar da mota. Wansa Mutari ne kaɗai bai taɓa tofa komai ba. Ko an tsokane shi a majalisa sai ya ce, "Ƙanena ne," ya ci gaba da ɗaure tiyon injin ban ruwansa.

Tun da aka ce albasa ta riƙa wuce iyaka ba haraji, bisa yarjejeniyar Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, manyan 'yan kasuwar Najeriya suka daina jiran kaya can gida, suka riƙa turo motoci har bakin garka. Kasuwa ta buɗe, wannan ba mai musu, kowa ya ƙara fili. Amma motocin da buhunansu suke zuwa, waɗanda suka fi na gida da taƙi guda, kuma bayan buhu ya cika sai an ɗora masa hula: tulin albasa a baki, a rufe da raga a ɗinke. Farashi kuwa na buhu ne, ba na nauyi ba. Junaidu ne dillalinsu.

Wata Alhamis Mutari ya tafi jana'iza Badaguishiri. Ya bar sallahu a kwashe babban rudu, wato rumbun karan da yake ajiye albasa. Ƙaramin rudun da ke gefe bai ko ambace shi ba, don akwai ƙullin kaba a ƙofarsa, kuma ko yaron goye a garin ya san rudu mai ƙullin kaba na iri ne. A ciki akwai uwayen albasa da ya zaɓa ɗaya-ɗaya, masu siririn wuya, waɗanda zai sake dasawa su yi fure. Irin mahaifinsu ne, bai taɓa yankewa ba.

Junaidu ya zo da mota da masu lodi. Babban rudu ya ƙare, buhunan ƙarshe ba hula. Direba ya ce maigidansa ba ya karɓar buhu haka. Junaidu ya nuna ƙaramin rudu da makullin babur.

Chindo, shugaban masu lodi, ya ce, "Alhaji, da ƙullin kaba fa."

"Kaba za ta hana mota tashi? Ku kwashe."

Kande matar Mutari ta fito da muciya a hannu tana faɗa. Junaidu bai dube ta ba. Ya ce irin gwangwani na nan cike da shagunan Konni, zai aiko.

Bayan azahar Mutari ya dawo. Ya tsaya gaban rudun, ya ɗauki kabar da aka yar a ƙasa ya sa aljihu, ya tare kabu-kabu sai Konni.

Ya iske motar a layin duwan, wato kwastan na bakin iyaka, ita ce ta uku daga shinge. Junaidu na ƙarƙashin wata rumfa yana shan shayi da direba.

"Yaya, kai ne da rana haka? Zauna."

"Ban taho zama ba. Ina irina?"

"Haba, don wanga ka biyo ni? Na gaya wa Kande zan aiko maka gwangwani goma in kana so."

"Ka aika wa wanda bai san albasa ba. Irin gwangwaninka wata biyu yake a rudu ya zama ruwa. Shi ne ku samu ku saye ta ranar da kuke so, yadda kuke so."

Direban ya yi dariya. "Baba, an riga an buga hatimi a takarda. Kaya ya zama na Ibadan."

"Da kai nake?" in ji Mutari. "Ko uban wani ya dasa ta a Ibadan?"

Mutane suka fara matsowa. Junaidu ya ajiye kofi, ya rage murya. "Kar ka kunyata ni nan. In buhu ya isa ba hula, maigidan direban ga ya bar ni ke nan, ya koma sayen albasar Galmi. Kuma in ya bar ni ku ya bari. Wa zai sayi albasarku? Da can mi kuke samu? Ba a bakin hanya take ruɓewa ba?"

"Da can buhu buhu ne. Yanzu mun ba ku buhu, mun ba ku hula, shi ne har uwar kuke so?"

"Tsoho dai ya rasu, Yaya. Irin nai ma ya huta."

Mutari ya dube shi har Junaidu ya kawar da kai. Sannan ya zaro wuƙar garka daga ƙugu, ya nufi bayan mota, ya kama sarƙa ya fara hawa. Ya haura shekara sittin, ga rigar da ya je jana'iza da ita a jikinsa. Direba ya miƙe yana cewa zai kira jandarma. Chindo, da ya rako kayan, ya sha gabansa.

"Kira su. Ni zan gaya musu ƙullin da na kwance da hannuna."

Motar gaba ta matsa, na baya suka dinga danna oda. Mutari ya kai rabi, takalminsa ya zame, ya rataye da hannu guda, gwiwarsa ta bugi ƙarfe. Bai saki wuƙar ba. Ya sake neman wurin taka ƙafa.

Junaidu ya cire tabarau. Ya je ya tallabe shi ya sauko da shi, ya karɓi wuƙar, ya hau. Chindo na nuna masa buhunan ƙarshe daga ƙasa. Ya riƙa yanke raga yana miƙo albasa, direba na zaginsa da Hausa da Turanci, yana rantsuwa ya gama ɗaukar kayan Tsarnawa. Motoci huɗu suka wuce su.

Mutari ya shimfiɗa rigarsa a ƙasa, yana duba kowace uwa, yana matsa wuyanta da yatsa. Igiya da tafin masu lodi sun farfasa fiye da rabi. Waɗanda suka tsira ba su fi kwando biyu ba. Za su yi fage uku, in Allah ya so.

Junaidu ya sauko, hannunsa duk ruwan albasa. Ya tsaya a kansa. Mutari bai ɗago ba, ya fito da kabar daga aljihu yana ɗaure bakin rigar. Junaidu ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," in ji Mutari.

Junaidu ya dubi masu lodi, ya dubi direba, ya durƙusa cikin ƙurar layin.

"Na ga ƙullin, Yaya. Na san mi ne. Ka yafe mini."