Ranar da Misbahu Ya Bi Kowa Yana Neman Gafara

A daminar 2012, ɗakin yara na asibitin da Misbahu yake aiki a Daura yana da gado ashirin da biyu, amma yaran da ke kwance sun haura hamsin. Zazzaɓin cizon sauro ne da tamowa. Ana haɗa yara biyu ko uku a gado ɗaya, iyaye mata kuma sun shimfiɗa tabarmi har baranda. A da ma'aikatan jinya shida ne a ɗakin. Biyu sun samu aiki a Saudiyya, ɗaya ta tafi hutun haihuwa, aka bar uku.

Misbahu mutumin Dutsi ne, shekararsa talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu. An san shi da iya neman jijiya. Duk yaron da aka kasa sa wa ƙarin ruwa, shi ake kira, ko da ranar hutunsa ce, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Rabon da ya je Dutsi gaida mahaifiyarsa an yi wata biyu.

Wata Litinin da hantsi aka kawo wata yarinya, Amatullah, daga wata ruga bayan Sandamu. Shekararta uku, tafin hannunta fari fat. Misbahu ya sa mata jini, sai aka yi ihu a ƙarshen ɗaki cewa wani yaro yana jijjiga. Ya ruga can. Kafin ya dawo, kusan minti arba'in, allurar ta goce daga jijiya, hannun ya kumbura, yarinyar kuma ta cika.

Likita ya ce an makara wajen kawo ta, ko jinin ya shiga da wuya ta tashi. Mahaifinta ya kama hannun Misbahu da hannu biyu ya yi masa godiya. Wannan godiyar ce ta fi tsaya masa a rai.

Bai fasa aiki ba. Sai dai ya daina zama cin ɗanwake da abokan aiki, kuma yakan koma ya duba allura ɗaya sau huɗu. Rigar aikinsa ta fara yi masa yawa. In aka tambaye shi sai ya ce gajiya ce, kuma a lokacin ba wanda bai gaji ba.

Bayan mako uku, ranar Alhamis, ya zo aiki fes da shi, har da fara'a. Ya tsaya wurin Baba Dabo mai shara ya ce ya yafe masa duk abin da ya taɓa yi masa. Ya faɗi haka ga maigadi, ya faɗa wa masu gwajin jini. Abin awon hawan jini da ya saya da kansa ya miƙa wa wata abokiyar aiki, ya ce ta riƙe.

Sista Maiturare ce shugabar ɗakin, shekararta ashirin da takwas a aikin jinya. Da ya iso gare ta da nasa neman gafarar, sai ta rufe fayil ɗin da ke hannunta.

"Zo mu je waje," ta ce.

Suka zauna a benci ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗaki.

"Umara za ka tafi?"

"A'a, Sista."

"An yi maka canjin wurin aiki ban sani ba?"

"A'a. Rai ne, ba a san gawar fari ba."

Ta dube shi sosai. "Misbahu, zan tambaye ka, kuma gaskiya nake so. Kana tunanin kashe kanka ne?"

"Subhanallahi! Sista, ni fa Musulmi ne."

"Na sani. Ba addininka na tambaye ka ba."

Wata akuya ta zo ta shinshina takalminsa ta wuce. Sannan ya ce kwana goma ke nan tunanin bai bar shi ba. Ya san haramun ne, ya yi istigfari har ya gaji, amma da ya rufe ido hannun yarinyar yake gani. Ya ce gani yake yaran ɗakin da nasa na gida duk sun fi samun sauƙi idan ba shi.

Sista ba ta yi masa wa'azi ba. Ta karɓi makullin kabad ɗin magani daga aljihunsa, ta ce ba zai motsa daga kusa da ita ba. Ta kira yayansa, Malam Audi, mai koyarwa a wata Islamiyya cikin gari.

Da Malam Audi ya ji za a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Katsina, sai ya ɓata rai.

"Hajiya, gobe gari ya ɗauka ƙanina ya haukace. Mu fara da addu'a."

"Malam, ku yi addu'ar a cikin mota," in ji ta. "Ni dai ba zan bari ya kwana bai ga likita ba."

Bayan sallar azahar suka shiga motar Katsina su uku. An kwantar da shi kwana tara, aka sallame shi da magani da hutun mako shida. Ya yi hutun a Dutsi wurin mahaifiyarsa, matarsa Sumayya tana riƙe da wayarsa don kada a kira shi aiki.

Sista ta rubuta wa hukumar asibiti takarda tana neman ƙarin ma'aikata uku. Ɗaya aka ba ta, shi ma sai da kaka.

Misbahu ya dawo aka sa shi sashen masu zuwa su koma gida, inda ake tashi ƙarfe biyu. Wasu sun riƙa yin shiru in ya shigo, wasu suka ce aljanu ne. Wata rana wani sabon likita, Dakta Kalilu, ya tare shi a bakin masallacin asibiti. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya tambaye shi sunan likitan da yake gani a Katsina da ranar da yake zama. Misbahu ya rubuta masa a bayan wani katin asibiti, ya ce masa Talata ta fi ƙarancin layi.