Kafaɗar Mai Ganga

A unguwar Ainu Shams aka haifi Fatna, a wani ɗakin haya da uwarta Bakhita ta kama bayan ta baro Sudan da cikinta. Lalle Bakhita take yi wa amare, Fatna kuwa tun tana 'yar shekara tara take binta tana waƙa don amarya ta zauna wuri ɗaya. A wani biki a unguwar Ma'adi ne Madam Dalia, mai shirya wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe, ta ji muryar nan ta ajiye cokali.

Shekara uku Fatna ta yi tana fitowa a 'yar aiki, tana amshi daga baya, don an ce baƙa ba ta cika zaure. Da aka ba ta waƙa guda tata, sai da mutane suka miƙe tsaye. Kafin ta cika ashirin da biyar hotonta na kan bangon tashoshin jirgin ƙasa na metro.

Daga nan kunnuwanta suka fara ƙara kamar kukan gyare. Likita ya ce lasifikar dandali ce ta cinye su, kuma ba sa dawowa. Ba wanda ta gaya wa sai Mu'tasim, mai gangar da ke yi mata kiɗa.

"Rabu da kunne," in ji shi. "Kafaɗata za ki riƙa kallo. In na ɗaga, ki shiga."

Shekara biyu suka yi a haka ba wanda ya gane. Sai ɓarin jikin Mu'tasim ya shanye, aka ɗauko wani makaɗi.

Ran Juma'a, a wasan la'asar, ta shiga kafin kiɗa ya iso. Ta ja baiti guda cur ita kaɗai a wata hanya daban. Ta ga bakuna a buɗe, ta ɗauka amshi suke yi mata, har ta ware hannuwa. Ashe dariya ce.

A ɗakin kwalliya Madam Dalia ta yi magana sau biyu, Fatna na kallon leɓenta. Sai matar ta jawo takarda ta rubuta: "Ma'alish, ya binti, yi haƙuri 'yata. Muna da muryarki ta da a naɗe. Za mu riƙa sawa, ke ki motsa baki."

Fatna ta daɗe tana duban takardar.

"Tamam, shi ke nan," ta ce.

Wata huɗu ta ƙara a dandali, zaure na cika. Ran da aka rufe wasan ta tafi duba Mu'tasim. Ya yi ta ƙoƙarin gaya mata wani abu da karkataccen baki, ita kuwa tana gyaɗa kai.